Muhammadu al-Katsinawi, Masanin Lissafi Daga Ƙasarmu

A wannan fitowa za mu duba rayuwar wani ɗan ƙasar Katsina wanda sunansa ya kai Masar tun kafin a san boko a nan. Shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, malamin Musulunci kuma masanin lissafi.

Ya tashi a zamanin da Birnin Katsina ya shahara da ilmi, bayan shuɗewar Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi. Ya ƙware a nahawu da ilmin taurari da lissafi, har da manɗiƙi, wato ilmin kafa hujja bisa ƙa'ida. Wajen 1730 ya tafi aikin hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira.

A 1732 ya rubuta littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan hatimi. Wanda ya zana gidaje 9, uku-uku, ya zuba lambobi daga 1 zuwa 9 bisa tsari, zai tarar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da 15. Idan gidajen 25 ne, jimillar 65 ce. Malam Muhammadu ya bayyana hanyoyin cika irin waɗannan gidaje ba tare da lalube ba.

A zamaninsa ana haɗa hatimi da duba da neman asiri, shi ma ya yi rubutu a wannan fanni. Ikklisiya ba ta yarda da duba ba, domin gobe ta Allah ce. Amma lissafin da ke cikin hatimin gaskiya ne, ko a hannun wa yake, gama Mahalicci ne ya kafa tsarin da hankali ke ganowa. Bangaskiya ba ta tsoron lamba.

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan abokinsa Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan wannan shaihi, Abdurrahman, marubucin tarihin Masar, shi ya adana mana labarinsa.

Shekaru 279 bayan rasuwarsa, a Disamba 2020, 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su, amma tsoro ya shiga zukatan iyaye a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Kada tsoron nan ya raba 'ya'yanmu da karatu. Ƙasar da ta haifi al-Katsinawi ba baƙuwar lissafi ba ce, gadonta ne, na Kirista da Musulmi baki ɗaya. Ubangiji ya tsare ɗalibanmu da malamansu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.