Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Likitan Yara

Kakata ta wajen uwa, wadda ke zaune a Gwaram, ta haifi 'ya'ya tara, amma huɗu ne suka rayu. Biyu baƙon dauro ya ɗauke su, uku kuwa amai da gudawa. Mahaifiyata ce auta, ita kaɗai kuma aka yi wa allurar rigakafi tana jaririya, a 1988. Har yau tabon yana nan a dantsenta na hagu. Da na tambayi malaminmu na kimiyya a nan Birnin Kudu abin da ya sake a waɗannan shekarun, sai ya ambata mini sunan wani Bayarabe da ban taɓa ji ba.

An haifi Olikoye Ransome-Kuti a Ijebu Ode ran 30 ga Disamba, 1927. Mahaifinsa limamin coci ne kuma shugaban makaranta, mahaifiyarsa ita ce Funmilayo, mai fafutukar 'yancin mata, Fela mawaƙi kuwa ƙanensa ne. Ya koyi aikin likita a birnin Dabilin na ƙasar Ayalan, sa'an nan ya komo ya ƙware a kan cututtukan yara, har ya zama farfesa a Jami'ar Ikko.

A 1985 Janar Babangida ya naɗa shi Ministan Lafiya, ya riƙe muƙamin har 1992. A farkon wannan lokaci garuruwanmu suna cikin Jihar Kano, don ba a yi Jigawa ba sai 1991. Ra'ayinsa shi ne babban asibitin birni ba ya amfanar yaron da gudawa ta kama da tsakar dare a ƙauye, balle da damina hanya ta yanke. Saboda haka ya mai da hankali ga ɗakin shan magani na kusa da gida. A 1986 aka zaɓi ƙananan hukumomi 52 don gwaji, a 1988 kuma aka fito da manufar lafiya ta ƙasa. Aka horar da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na ƙauye, aka dinga awon jarirai, aka ƙarfafa shayar da nono, aka koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Wannan ruwa, da wasu suka raina don arharsa, yana mayar wa yaro ruwan jikin da gudawa ta zubar, wanda rashinsa ne ke kisa. Aka kuma yi ta rigakafin cututtuka shida, watau tarin fuka, shan inna, baƙon dauro, tarin shiƙa, mashaƙo da sarƙe-haƙora.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya ɓoye cuta. Da Fela ya rasu a 1997, shi ya fito ya gaya wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa. Ba kowane wa zai iya haka ba. Shi kansa ya rasu a Landan ran 1 ga Yuni, 2003.

Bayan saukarsa rigakafi ya ja da baya ƙwarai, har mashaƙo ta sake ɓarkewa a Kano a 2023. Hutun da ya wuce na duba katin ɗiyar yayana, na tarar saura allurar wata tara, ga shi ta kusa shekara. Kakata ce da kanta ta goya ta muka tafi.