Florence Nightingale, uwar aikin jinya na zamani

An haifi Florence Nightingale a 1820 a birnin Florence na Italiya. Iyayenta, attajiran Ingila, sun yi adawa da burinta na zama ma'aikaciyar jinya.

A 1854, lokacin yaƙin Crimea, ta jagoranci mata 38 zuwa asibitin sojan Birtaniya da ke Scutari a Turkiyya, inda cututtuka suka fi raunukan yaƙi hallaka sojoji.

A 1860 ta kafa makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas na London. Babban darasinta shi ne lura da majinyaci kansa: abincinsa, barcinsa, tsabtar ɗakinsa da damuwar da ke ransa.

Ta rasu a 1910, tana da shekara 90.