James Spangler, Mai Shara da Ya Ƙera Injin Zuƙar Ƙura

Duk ɗalibin da ya taɓa share aji a lokacin hunturu ya san halin ƙura. Ka share ta nan, ta tashi sama, ka juya baya ta sauka inda ka share. Mutumin da zan ba ku labarinsa ƙura ce ta kusa kashe shi, ita ce kuma ta sa har yau ake tunawa da shi.

An haifi James Murray Spangler a shekarar 1848. Ya yi yawancin rayuwarsa a jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Mutum ne mai son ƙere-ƙere tun yana saurayi. Ya ƙera injin girbin hatsi, ya kuma ƙera na tara ciyawar dabbobi, hukuma ta ba shi takardar shaida cewa aikinsa ne. Amma ko ɗaya bai kawo masa arziki ba. Yana dab da shekara 60 ya sami kansa yana aikin shara a wani babban kanti a garin Canton.

To, ga shi yana fama da ciwon asma. Abin da ake share kafet da shi a kantin wani ɗan akwati ne mai buroshi da ake turawa, kuma ƙura yake tayarwa kawai. Kowane dare sai tari ya sarƙe shi. Barin aikin yunwa ce, ci gaba da shi kuma ciwo ne.

A shekarar 1907 ya zauna ya yi tunani. Ya sami injin keken ɗinki mai aiki da lantarki, ya ɗaura masa fanka, ya sa su cikin akwati, ya kafa doguwar sandar tsintsiya ta zama mariƙi. A baya kuma ya ɗaura rigar filo. Fanka tana juyawa, iska tana jan ƙura ciki, rigar filo tana tare ƙurar ta bar iska ta wuce. Ba shi ne farkon wanda ya yi injin zuƙar ƙura ba. A Ingila, Hubert Booth ya yi nasa tun 1901, sai dai doki ne ke jan sa zuwa ƙofar gida saboda girma. Na Spangler kuwa mace ɗaya za ta iya tura shi cikin ɗaki.

Ya sami takardar mallakar ƙirarsa a watan Yuni na 1908. Sai matsalar jari ta sake tasowa. Shi da ɗansa da ’yarsa suke haɗa injinan da hannu, kaɗan kaɗan. Cikin waɗanda suka gwada injin akwai wata ’yar’uwarsa mai suna Susan Hoover. Mijinta, William Hoover, yana sana’ar kayan doki na fata, kuma ya ga motoci sun fara kashe masa kasuwa. Ya sayi takardar a wannan shekara, ya riƙe Spangler a kamfanin, yana biyan sa kaso daga ciniki. Hoover ya iya talla: ya ce kowa ya ɗauki injin ya gwada kwana 10 kyauta. Kafin a jima sunansa ya cika gidaje. A Ingila ma, sunan Hoover ya zama kalmar share ɗaki da inji.

A ganina Hoover bai cuce shi ba, domin in ba don jarinsa ba da injin ya bi sawun na girbi. Duk da haka abin yana taɓa zuciya: ba sunan mai sharar ne a jikin injin ba.

Spangler ya rasu a watan Janairu na 1915, yana shirin tafiya Florida hutu. Injin farko da kamfanin ya fitar, wanda ake kira Model O, yanzu kayan tarihi ne. Masu tara tsofaffin injinan shara suna nemansa ido rufe. Idan suka samu, sukan kakkaɓe jakar ƙyallen a hankali, su sa wa injin mai, su duba wayarsa kafin su yarda su jona ta da wuta.