John Browning: Maƙerin Ogden da ya sauya yadda ake riƙe bindiga

A watan Janairun 1902, wani dogon Ba'amurke mai sanƙo yana jiran a shigar da shi wurin Marcellus Hartley, shugaban kamfanin Remington, da sabuwar bindigar farauta wadda ke ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Ganawar ba ta yiwu ba, domin a ranar ce Hartley ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Baƙon ya naɗe bindigarsa, ya hau jirgin ruwa zuwa Beljiyam. Sunansa John Moses Browning, kuma wannan tafiya ce ta sa rabin tarihinsa ya koma Turai.

An haife shi ranar 23 ga Janairun 1855 a garin Ogden da ke yankin Utah. Mahaifinsa, Jonathan Browning, maƙerin bindiga ne kuma mabiyin ɗariƙar Mormon, cikin waɗanda suka yi ƙaura zuwa yammacin Amurka don tsira da addininsu. Karatun boko na yaron bai yi nisa ba. Makarantarsa ta gaskiya ita ce maƙerar uban, inda mafarauta da matafiya ke kawo bindigogin da suka lalace. Wanda ya tashi yana gyaran abin da ya karye yakan san inda kowace ƙira ke da rauni, ya kuma ji ƙorafin masu amfani da ita daga bakinsu. Wannan ilimi ne ya bi Browning har ƙarshen ransa.

A 1879 ya sami takardar mallakar fasaha ta farko, a kan wata bindiga mai cin harsashi ɗaya. A shekarar ce kuma ya auri Rachel Child. Shi da 'yan'uwansa suka riƙa ƙera ta a ƙaramin shagonsu, har ɗaya ta faɗa hannun kamfanin Winchester. A 1883 babban jami'in kamfanin, T. G. Bennett, ya taka da kansa har Ogden ya sayi ƙirar. Daga nan aka shiga hulɗar kusan shekara 19 wadda ta haifi bindigogin Winchester na 1886 da 1892 da 1894 da 1895, ko da yake a tsakiya ya ajiye guduma ya tafi wa'azin ɗariƙarsu na shekara biyu a jihar Jojiya.

Ta 1894 ce ta fi shahara, domin an ƙera fiye da miliyan 7. Sirrinta yana ga yadda take zama a hannu: siririya ce, ba ta da nauyi, kuma nauyin nata ya taru daidai inda tafin hannu ke kama ta idan ana tafiya a daji. Ana ɗana ta ne da wata mariƙa da ke ƙarƙashin kunama, kwanson harsashin da aka harba kuma ta sama yake fita. Saboda haka na dama da bahago duk ɗaya ne a wurinta. Sai dai wannan fita ta sama ta zama matsala da aka fara ɗora madubin hangen nesa a kan bindigogi, har sai da kamfanin ya karkatar da mafitar zuwa gefe a farkon shekarun 1980.

Batun bahago ba ƙarami ba ne, ko da yake masu ƙera makamai sun daɗe suna yi masa riƙon sakainar kashi. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne. Yawancin bindigogi kuwa ta dama suke tofar da kwanso, don ya yi nesa da fuskar wanda ya jingina gindin bindigar a kafaɗarsa ta dama. Idan bahago ya mayar da ita kafaɗar hagu, kwanso mai zafi da hayaƙin albarushi sai su riƙa giftawa ta gaban idonsa, wani lokaci su faɗa masa cikin wuyan riga. Browning ya kauce wa wannan a ƙira biyu. Ta farko ƙaramar bindiga ce mai ɗura kanta, mai cin harsashin .22, wadda masana'antar FN ta fara fitarwa a 1914. Ta biyu bindigar farautar tsuntsaye ce da ya yi wa rajista a 1915, ta fito da sunan Remington 17, daga baya ta zama tushen Ithaca 37 a 1937. Dukansu ta ƙasa suke zubar da kwanso. Gefunansu a rufe suke, ruwan sama da ƙura ba su samun ƙofa, kwanson kuma yana faɗuwa a gaban ƙafar maharbi ko da wane hannu ya yi harbin. Har yau mafarauta masu amfani da hagu na neman waɗannan biyun.

Rabuwarsa da Winchester a kan kuɗi ne. Kamfanin ya saba biyan sa dunƙule ɗaya a kan kowace ƙira, har ma yakan sayi wasu ya kulle a ma'aji don kada abokan gasa su samu. Da ya zo da bindigar nan mai ɗura kanta, wadda aka sani da Auto-5, sai ya nemi a riƙa ba shi kaso a kan kowace ɗaya da aka sayar. Bennett ya ƙi. Masana'antar FN da ke Herstal, kusa da birnin Liege, wadda ta riga ta fara ƙera ƙananan bindigoginsa, ta karɓe shi hannu bibbiyu. Auto-5 ta ci gaba da fita daga masana'anta kusan shekara 100, abin da ya nuna wanda ya yi asara a wancan ciniki.

Ƙaramar bindigarsa ta hannu da rundunar sojan Amurka ta ɗauka a watan Maris na 1911 ta harba harsashi 6,000 a gwaji ba tare da ta cije ba, ta kuma zauna a matsayin bindigar hukuma har 1985. Masana na yaba yadda mariƙinta ya karkata daidai da yanayin wuyan hannu. Amma a nan adalci ya sa a ce Browning bai tuna da bahago ba: maɓallin kulle ta yana gefen hagu, wurin da babban yatsan hannun dama kaɗai ke kaiwa cikin sauƙi, kuma sai bayan shekaru masu yawa wasu maƙera suka ƙara masa ɗan'uwa a ɗaya gefen. Ko a 1924 sai da aka gajarta kunamarta, aka rage ƙarfen da ke bayanta, saboda sojoji masu gajerun yatsu.

Ba a iya ba da tarihinsa a tsallake jini. Da ƙaramar bindigar FN ƙirar 1910, wadda shi ya zana, Gavrilo Princip ya harbe yarima Franz Ferdinand a Sarajevo ranar 28 ga Yunin 1914, kisan da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. A shekarar ce kuma Sarki Albert na Beljiyam ya ba shi lambar girma. Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, ya ba ta bindiga mai jigida da kuma BAR, ya karɓi ladan da bai kai ko kusa da abin da ya cancanta a kasuwa ba. Ɗansa Val, hafsan soja, yana cikin waɗanda suka fara amfani da BAR a fagen daga a Faransa. Babbar bindigarsa mai jigida, wadda aka inganta ta zama M2, har yanzu tana bisa motocin yaƙi na ƙasashe da dama.

Ranar 26 ga Nuwamban 1926, yana da shekara 71, zuciyarsa ta tsaya yana tsakiyar aiki a masana'antar Herstal, ya bar takardun mallakar fasaha 128. Aka kai gawarsa Ogden aka binne. Ƙaramar bindigar da yake kan zanawa, mataimakinsa Dieudonné Saive ne ya kammala ta a 1935 da sunan Hi-Power, kuma Saive ɗin ne daga baya ya ƙera FN FAL, doguwar bindigar da sojojin Najeriya suka daɗe suna ratayawa. Matsalar bahago ba ta bi shi kabari ba: sai a shekarun 1980 Amurka ta sa wa M16 ɗan tudun ƙarfe mai kautar da kwanso daga fuska, SA80 ta Birtaniya kuwa ta tilasta wa kowane soja harbi daga kafaɗar dama. Da masana'antar Herstal ta fitar da P90 a 1990, ta ƙasa ta sa ta riƙa zubar da kwanso, kamar ƙaramar bindigar nan ta 1914.