Malam Sa'adu Zungur

An haifi Malam Sa'adu Zungur a birnin Bauchi, a gidan malamai. Tun yana yaro ya yi karatun Alƙur'ani, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina. Cikin 1934 ya tafi Babbar Kwalejin Yaba, a Ikko. Da ya komo Arewa, sai ya zama malami a makarantar duba-gari ta Zariya.

Malam Sa'adu mutum ne mai zurfin bincike a kan sha'anin mulki. Ya lura talakawa ba su da ta cewa, samari kuwa suna tsoron tambaya. Saboda haka cikin 1943, shi da su Malam Aminu Kano suka riƙa taruwa da samari a Bauchi, ana muhawara a kan ilmi da mulkin En'e. Waɗansu manya ba su ji daɗi ba, amma bai fasa ba. Ko da ciwo ya kwantar da shi, bai daina gargaɗi da waƙoƙi ba.

Allah ya yi masa rasuwa cikin 1958, saura shekara biyu Nijeriya ta sami mulkin kai. Samarin da ya koya wa tambaya, su suka ɗora daga inda ya tsaya.