MAZAN JIYA: Muhammadu Rumfa, Sarkin Da Ya Shata Birnin Kano

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya san birnin Kano ya san abu uku da su ne ginshiƙinsa, watau Gidan Sarki, da Babban Masallaci, da Kasuwar Kurmi. Amma ba kowa ya san mutum ɗaya ne ya kafa su duka ba. Wannan mutum kuwa shi ne Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano na ashirin a jerin sarakunan gidan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, jikan Sarki Abdullahi Burja. Mahaifiyarsa mutuniyar Rano ce. Ya tashi a lokacin da Kano ta fara cika da baƙi. A zamanin kakansa aka buɗe hanyar fatauci tsakanin Barno da Gwanja, ƙasar goro. A zamanin mahaifinsa kuma Fulani masu ilmi suka zo daga Malle da littattafai, Buzaye suka shigo da gishiri, Larabawa da Barebari suka yi ta sauka. Tsohon gari da ke gindin Dala ya yi wa jama'a kaɗan, ga shi kuwa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun wajen shekara ta 1100 ita ce iyakarsa.

Da Rumfa ya hau gado sai ya dubi kudu. Ya bar tsohuwar fada, ya gina sabuwa a fili, ita ce Gidan Rumfa, mai faɗin fiye da eka 30. Sa'an nan ya ƙara ganuwa, daga Ƙofar Dagaci ya nufi Ƙofar Mata, daga Ƙofar Na'isa kuma zuwa Ƙofar Kansakali, har sabuwar fada da filayen da ke kewaye da ita suka shiga cikin birni. Gidan da ake cewa ya zauna kafin a gama fada, watau Gidan Makama, shi ne gidan adana kayan tarihi na Kano.

Bayan fada sai kasuwa. A bakin Jakara, tsakanin tsohon gari da sabo, ya kafa Kasuwar Kurmi. Hikimar wurin a fili take: mai fitowa daga Dala da mai fitowa daga fada dole su haɗu a nan, hanyoyin da suka taso daga ƙofofin birni kuma suka zama duk nan suka dosa.

Na uku shi ne masallaci. Wajen 1492 wani babban malami daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, ya sauka Kano. Ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara cikin 1908, ya nuna cewa a wannan zamani aka sare itacen da ake tsafi a gindinsa, aka gina masallacin Juma'a da hasumiya. Babban Masallacin da ake da shi yanzu ginin zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne. Zuriyar Almagili kuwa su ne mutanen unguwar Sharifai.

Da waɗannan uku suka zauna, unguwanni suka yi ta tsiro a tsakaninsu sannu a hankali, wasu a zamaninsa, wasu bayansa. Kowace da mai unguwarta, da masallacinta, da dandalin da yara ke wasa, da kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, wanda ke shanye ruwan damina. Sunayensu ma sun isa labari: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka sauka, Soron Ɗinki, da marinar Ƙofar Mata. Baƙo ya san inda zai tarar da danginsa, mai sana'a ya san inda abokan sana'arsa suke. An kuma bar gonaki da fili a cikin ganuwa, domin ko abokan gaba sun yi wa birni zobe, kada yunwa ta ci jama'a.

Ba Kano kaɗai ta yi irin wannan dabara ba. A can Japan, cikin 1457, shekara shida kafin Rumfa ya hau gado, wani jarumi mai suna Ota Dokan ya gina gidan yaƙi a wani ƙauye da ake kira Edo. Daga 1590 sarkin yaƙi Tokugawa Ieyasu ya mai da wurin mazauninsa, aka raba masu sana'a unguwa unguwa, marina daban, maƙera daban. Edo ɗin nan ita ce Tokyo, ɗaya daga cikin manyan biranen duniya, kuma duk da girgizar ƙasa ta 1923 da wutar yaƙi ta 1945, sunan unguwar marina da ta maƙera suna nan a yankin Kanda. Garuruwan da jirgin ƙasa ya haifa kuwa, irin su Kafanchan a shekarun 1920, daga tasha suka faro, ita ce ta zame musu abin da fada da kasuwa suka zame wa Kano.

Tarihi ya lissafa wa Rumfa abubuwa goma sha biyu da ya fara. Cikinsu akwai majalisar Tara ta Kano, da kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, da dawakin zage. Amma ba duka ne talaka ya ji daɗinsu ba. Shi ya fara kulle, ya tara mata masu yawa a fada, shi ya fara kame, ya kuma ba bābanni manyan sarautu. Ya yi shekara goma sha ɗaya yana yaƙi da Katsina, ba wanda ya rinjayi wani. Da ya rasu cikin 1499, ɗansa Abdullahi, wanda Madaki Auwa ta haifa, ya gaje shi.

Sarauta ta sake hannu sau da yawa bayansa. Fulani sun karɓi Kano a farkon ƙarni na 19, Turawa sun ci ta cikin 1903, jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, amma ba wanda ya ɗauke fada ko kasuwa daga inda ya ajiye su. Ɓarnar da ta samu aikinsa daga hannunmu ta fito. Ganuwar da gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1959, an yi ta yankarta ana gina gidaje da kantuna. Cikin 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, ruwan sama kuma da ya rasa wurin zuwa sai ya shiga ɗakunan mutane.

Jama'a, wanda ya shata birni fiye da shekara ɗari biyar da suka wuce ya bar wa ruwa hanya, ya bar wa baƙo masauki, ya bar wa yara dandali. Ya kamata masu rabon filaye a garuruwanmu, daga Kano har Kafanchan, su tuna da haka kafin su sa hannu a takarda. Allah ya jiƙan mazan jiya.