Bessie Coleman da Tsohon Jirgin Soja Mai Suna Jenny

Da yawa daga cikinmu, in mun ji ƙarar jirgin sama, sai mu ɗaga kai mu bi shi da kallo har ya ɓace. Amma kaɗan ne ke tambayar irin wahalar da mutanen farko suka sha kafin tuƙin jirgi ya zama sana'a. Don haka nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai tarihin Bessie Coleman, baƙar mace ta farko da ta sami takardar shaidar tuƙin jirgin sama, da kuma labarin jirgin da ya ɗaukaka ta, ya kuma zama ajalinta.

An haifi Bessie ran 26 ga Janairu, 1892, a wani ƙaramin gari mai suna Atlanta cikin jihar Teksas ta Amurka. Iyayenta talakawa ne masu aikin gonar auduga, ita ce kuwa ta goma cikin 'ya'ya goma sha uku. Tana ƙarama suka koma garin Waxahachie. A zamanin nan dokar wariyar launin fata tana da ƙarfi ƙwarai a kudancin Amurka, makarantar baƙaƙe dabam, ta Turawa dabam. Kullum sai Bessie ta taka mil huɗu kafin ta isa makarantarsu mai ɗaki ɗaya tak. In lokacin cirar auduga ya zo kuma, sai karatu ya tsaya, kowa ya nufi gona. Duk da haka ta yi fice wajen lissafi. A 1901 mahaifinta ya tafi Oklahoma ya bar su, uwar ta shiga aikatau don ta ciyar da yara.

Da ta kai shekara goma sha takwas, sai ta tattara ɗan abin da ta tara ta shiga kwalejin baƙaƙe a Langston. Zango ɗaya kawai ta yi kuɗin suka ƙare, ta koma gida. A 1915 ta tafi birnin Shikago wurin 'yan'uwanta maza, ta sami aikin gyara wa mutane ƙumba a wani shagon aski. Nan ne ta riƙa jin labarin jiragen sama daga bakin sojojin da suka komo daga Yaƙin Duniya na Farko. Har wanta John, wanda ya yi yaƙi a Faransa, yakan tsokane ta da cewa matan can suna tuƙa jirgi, ita kuwa ba za ta taɓa iyawa ba. Ashe wannan tsokana ita ce ta kunna mata wutar himma.

To, amma ina za ta koya? Duk makarantar tuƙi da ta nema a Amurka sai a ƙi ta, na farko don baƙa ce, na biyu don mace ce. Da wani ne, da nan ya haƙura. Sai Robert Abbott, mai jaridar baƙaƙe ta Chicago Defender, ya ba ta shawara ta tafi Faransa. Ta shiga koyon Faransanci, tana aiki tana adana kuɗi, Abbott da wani mai banki, Jesse Binga, suka tallafa mata. A watan Nuwamba 1920 ta hau jirgin ruwa, ta isa makarantar 'yan'uwan Caudron da ke Le Crotoy a arewacin Faransa. Ran 15 ga Yuni, 1921, aka ba ta takardar shaidar tuƙi wadda ake karɓa a ƙasashen duniya. Lalle mai nema yana tare da samu.

Sa'ad da ta komo Amurka babu kamfanin da zai ɗauke ta aiki. Hanya ɗaya ce ta rage, watau wasan nuna gwaninta a sama, mutane su biya su yi kallo. Don ta ƙware a wannan, ta sake komawa Turai a 1922, ta ƙaro ilmi a Faransa da Jamus, ta kuma sadu da shahararren maƙerin jiragen nan Anthony Fokker a Holan.

A nan ya kamata in yi bayanin jirgin da masu wannan wasa suka fi amfani da shi. Sunansa Curtiss JN-4, amma kowa Jenny yake ce masa. Kamfanin Glenn Curtiss ne ya ƙera shi don koya wa sojoji tuƙi, kuma a cikinsa ne mafi yawan matuƙan Amurka na Yaƙin Farko suka koya. Fikafikansa hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, an haɗa su da sanduna da waya. Jikinsa katako ne da aka lulluɓe da yadi. Kujeru biyu gare shi, ɗaya gaba ɗaya baya, babu rufi, kowace da nata abin tuƙi domin malami ya karɓe in ɗalibi ya yi kuskure. Injinsa mai ƙarfin doki 90 ne, gudunsa bai wuce mil 75 cikin awa ɗaya ba. An ƙera fiye da dubu shida. Da yaƙi ya ƙare a 1918 sai gwamnati ta yi ta gwanjonsu da araha, har Charles Lindbergh ma ya sayi nasa a kan dala 500 a 1923. Saboda haka Jenny ya zama jirgin talaka. Amma fa araha ba ta ado, domin da yawansu sun tsufa, injinsu kan mutu a sama ba sallama.

Ran 3 ga Satumba, 1922, Bessie ta yi wasanta na farko kusa da birnin New York, don girmama baƙaƙen sojojin da suka yi yaƙi a Faransa. Nan da nan sunanta ya bazu, ana ce mata Sarauniya Bess. A watan Fabrairu 1923 ta tashi da Jenny nata na kanta a Kalifoniya, injin ya tsaya, ta faɗo ta karye a ƙafa da haƙarƙari uku. Da ta warke ta koma bakin aikinta.

Abin da ya fi burge ni game da ita ba juyin da take yi a sama ba ne, a'a, halinta ne. Ba ta yarda ta yi wasa inda aka hana baƙaƙe shiga. A Waxahachie ta dage sai kowa ya shiga ta ƙofa ɗaya, baƙi da fari. An taɓa sa ta cikin wani fim, da ta ga za a nuna ta cikin tsumma don a wulaƙanta baƙar fata, sai ta yi tafiyarta, alhali kuwa tana matuƙar bukatar kuɗin. Burinta shi ne ta buɗe makarantar tuƙi ta baƙaƙe, kada wani ya sake ƙetare teku kamar yadda ta yi.

Allah bai nufa ba. A 1926 ta sayi wani tsohon Jenny a Dallas. Makanikinta William Wills ya tuƙo shi zuwa Jacksonville ta jihar Fulorida, sau uku yana saukar dole a hanya saboda rashin lafiyar jirgin. Ran 30 ga Afrilu suka tashi gwaji, Wills yana tuƙi. Bessie ba ta ɗaura ɗamarar kujera ba, domin tana son ta leƙa ta duba filin da za ta diro da laima kashegari. Ba a jima ba jirgin ya sunkuya, ya juye, ta faɗo ƙasa ta mutu nan take. Wills ma ya mutu. Da aka bincika sai aka tarar wata sifana ce ta zame ta maƙale cikin kayan tuƙin. Shekarunta 34 a duniya. Dubban mutane suka halarci jana'izarta a Shikago.

Burinta bai bi ta kabari ba. A 1929 William Powell ya kafa ƙungiyar koyon tuƙi da sunanta a Los Angeles. A 1992 Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya, ta tafi da hotonta, a 1995 kuma aka buga kan sarki mai ɗauke da fuskarta.

'Yan'uwa, wannan baiwar Allah ta koyi baƙon harshe, ta ƙetare teku domin darasin da aka hana ta a gida. Mu kuwa ga aji, ga malamai, ga littattafai. Idan aka kaɗa ƙararrawar karatun dare muka ji ƙyuya, sai mu tuna da yarinyar da ke taka mil huɗu kowace safiya.